Motar da Ba Ta Hawa Tudu

Lorin bai gama tsayawa ba Barakatu ta zuro ƙafa ƙasa. Direba ya leƙo yana faɗa da Larabci, ta mayar masa da Hausa, ta gyara mayafi ta ratsa kasuwar Manakil da sandarta. Ta wuce masu dawa, ta wuce masu gawayi, ba ta kula kowa ba sai da ta kai shingen kwano inda Alhasan ke sayar da tsofaffin motoci.

Yana zaune kan gadon igiya a inuwar bishiyar bedi, da kofin shayi a hannu. Da ya hango ta ya miƙe yana yi wa Inna maraba, yana tambayar jikin Malam. Ba ta amsa gaisuwar ba. Mutanen da ke zaune tare da shi suka dubi juna.

"Motarka tana gindin gadar tur'a tun da safe," in ji ta. "Malam yana kwance cikin ɗakin da take ja. Tashi ka ba ni waccan mai ruwan tokar."

Malam Abdulmuttalib mijinta ne. Tana amarya suka baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka. Suka ratsa Barno, suka ratsa duwatsun Wadai, suka iso Jazira ta ƙasar Sudan guzuri ya ƙare. Malam ya ce a tsaya a yi ƙodago, in an gama tsinkar auduga a ci gaba. An gama tsinkar waccan shekarar, an gama ta gaba, an haifi 'ya'ya an binne waɗansu, har ɗansu Jibirin ya yi mata da 'ya'ya, kullum maganar ita ce bayan tsinkar auduga. Bara ciwo ya shanye wa Malam ɓarin jiki, bakinsa ya karkace, fitsari ba ya riƙuwa. Ya ce shi ba za a shimfiɗe shi a jirgin ƙasa cikin idon jama'a ba. Kowa a gidan ya san in bai ga teku bana ba, ba zai gan ta baɗi ba, jiragen ruwan alhazai kuma sun fara tashi.

Dabarar motar ta Barakatu ce. Masu awon ƙasa da suka tona tur'ar Manakil, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, sun tafi sun bar wani ɗakin ƙarfe mai taya, da gado a ciki da 'yar taga. Ta ce a saye shi, Malam ya kwanta a ciki da sutura, a nemi babbar motar shiga jeji ta ja shi har bakin teku. In an dawo, motar ta zauna wa gida, ta kai dawa kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti. Shanun da ta tara da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli duk suka tafi cikin wannan magana.

Ranar zaɓe, motoci biyu Alhasan ya nuna musu. Ɗaya koriya ce shar, sabon fenti, kujerunta lafiya lau. Ɗaya mai ruwan toka, ƙofarta ɗaure da waya, in an tashe ta sai ta yi tari ta turnuƙe wurin da hayaƙi. Jibirin ya kara kunne ya ce shi muryar mai tokar ta fi kwanta masa. Matarsa Ma'u ta ce koriyar ta fi ɗaukar yara. Barakatu ta ce duk su yi mata shiru, ita ta sayi jaki ba sau ɗaya ba, kuma ba a sayen jaki a turke, labta masa kaya ake yi a ga tafiyarsa. Ta sa aka ɗaura ɗakin a bayan koriyar, aka loda masa buhunan dawa da tuluna cike da ruwa, iyalin duk suka shiga. Alhasan da kansa ya tuƙa. Suka bi gaɓar tur'a, hanya a miƙe a shimfiɗe kamar faifai, mota tana tafiya sumul. Suna dab da gada ya juya kan motar, ya ce hayin can laka ce, an saki ruwa a gonaki. Barakatu ta ce koriyar za a ɗauka. Aka yi fatiha aka shafa.

Da suka koma gida suka ba Malam labari, ya daɗe yana haɗa kalmomi da karkataccen bakinsa, sannan ya tambaya ko tana hawa tudu. Jibirin ya yi dariya ya ce, Baba, ina tudu a Jazira? Shi a nan aka haife shi, abin da ya fi tsawo da ya taɓa gani tarin buhunan auduga ne. Amma ita fa? Ita da ta hau duwatsun Wadai da ƙwarya a ka? Wannan tambayar ita ke cin ta tun safe, fiye da yadda Alhasan ke cin ta.

Yau da asuba aka yi bankwana. Ta raba wa maƙwabta tukwane da tabarmi, ta ɗauke duwatsun murhunta guda uku ta ƙulle a buhu. A Wadai ta tsince su, don an gaya mata ƙasar da ke gaba ba ta da dutse ko na jifan kare. A hanya rami ake tonawa a ɗora tukunya. Duwatsu sai inda za a zauna. Mata suka raka su bakin gari suna kuka suna ba da sallahun addu'a. Rana ba ta yi zafi ba suka iso gadar, ɗan tudun da yaro ke hawa a guje. Motar ta kai rabinsa ta yi gurnani, wari ya tashi kamar ana babbake kan rago, ta zame da baya ta tsaya. Jibirin ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce farantin da ke haɗa inji da ƙafafu ya ƙone, kuma da gani ya daɗe a cinye. Sai an aika Hartum. Ko an samo, injin ya gaji, ba zai hau duwatsun da ke kafin teku ba.

Duk wannan ta zayyana wa Alhasan a tsaye, a gaban baƙinsa. Ya saurara yana girgiza kai da alhini. Ya ce mai tokar ai tuni wani ɗan Gadarif ya tafi da ita. Ya ce mota tsohuwa kamar tsohon mutum ce, yau lafiya gobe sai Allah. Ya ce Inna ce ta zaɓa da bakinta, a gaban ɗanta, kuma an shafa fatiha.

"Ka juya a bakin gada," in ji ta.

"Na juya, Inna. Laka ce."

"Na taka hayin da ƙafata yau. Ƙasa ta tsage har tunkiya ta karye a ciki."

"Wannan yau ke nan."

"Ka san ba ta hawa. Ka dubi idona, ɗan Ramatu, ni na riƙe uwarka ranar da ta haife ka a bukkar kara. Ka san ba ta hawa."

Bai dubi idonta ba. Ya dubi shayinsa, ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, abin da zai iya yi don girman Malam shi ne ya aika a jawo motar kyauta. Ɗakin kuwa, in ba su da bukatarsa yanzu, zai saya, dama yana neman wurin ajiye kayan gyara.

Barakatu ta tofar da yawu dab da takalminsa. Ta gaya masa ko gawar Malam za ta fita daga ɗakin nan, ƙusarsa ba za ta shiga ba. Ta juya ta fita.

Shehu Abdussalami, dattijon unguwar Hausawa, yana zaure yana jan carbi. Ya sa aka kawo mata ruwa, ta ƙi sha sai ta gama magana. Ya ji ta har ƙarshe, bai katse ta ba, ya ce lalle in haka ne an ɓoye aibi, kuma ɓoye aibi zalunci ne. Zuciyarta ta ɗan sauka. Sai ya tambaya wa ya ga juyawar ban da ita da ɗanta da surukarta. Ta ce Allah ya gani. Ya ce haka ne. Ya tuna mata cewa duk unguwar nan in an yi rashin lafiya motar Alhasan ke kai mutum asibitin Madani, kuma yaran unguwa da yawa a wurinsa suke cin abinci. Ya ce zai kira shi ya yi masa nasiha bayan Juma'a.

"Nasiha za ta ja ɗaki?" in ji ta. "Bayan Juma'ar wace shekara? Ku kun zauna kun manta abin da ya fito da ku daga gida. Ni markaz za ni, wurin hukuma."

Shehu ya ajiye carbin. Ya tambaye ta a hankali wa ke tuƙi da motar ta tsaya. Ta ce Jibirin mana. Ya ce to Jibirin yana da takardar tuƙi? Ba ya da ita, ba kuma zai samu ba, don kafin a ba mutum sai ya nuna jinsiya, shaidar shi ɗan ƙasa ne, Jibirin kuwa da aka yanke wa cibi a gindin audugar Jazira har yau baƙo ne a wurinsu. Shehu ya ce abin da za a fara tambaya ke nan a markaz. Alhasan zai kwana a gidansa, Jibirin ne ba zai kwana a nasa ba.

Duk da haka ta je. Ta tsaya a bakin ginin, rana tana dukan ta, tana kallon masu shiga da fita da takardu a hannu. Askarin ƙofa ya dube ta ya ce da Larabci, ya Hajja, me kike so? Haka suke kiran kowace tsohuwa. Ta buɗe baki, maganar tana nan a shirye tun daga gindin gada, da sunan Alhasan da sunan ubansa. Sai ta hango a zuciyarta Jibirin tsare a ƙasa bayan wancan ƙyauren, ba wanda zai juya Malam in gefensa ya gaji. Ta rufe bakin. Ta ce ba komai, inuwa take nema. Askarin ya ce nan ba wurin shan inuwa ba ne.

La'asar sakaliya lorin ya sauke ta a bakin tur'a. Koriyar tana nan inda ta bar ta, tana sheƙi. Ma'u ta shimfiɗa wa yara tabarma a inuwar ɗakin. Masu tsinkar auduga da suka tashi daga aiki sun taru, Jibirin ya riga ya roƙe su su taya shi tura ɗakin a mayar da Malam gida kafin magariba. Ya dubi fuskar uwarsa ya gane ba a dace ba.

Ta ce a kwance ɗakin daga motar. Aka kwance. Mazan suka kama za su juya shi yamma, ta ɗaga sanda ta tare su. Ta ce gaba za a tura, a haye gadar.

"Inna," in ji Jibirin, "hayin can babu gida, babu kowa. Gonakin mutane ne kawai."

"Na raba tukwanena, Jibo. Mata sun yi mana kuka sun ba mu sallahu. Ba da ni za a mayar da shi ɗakin da ya yi wa bankwana ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya tuɓe riga ya sa kafaɗa. Mazan suka sa tasu, wani ya ba da baki, suka tura. Ɗakin ya yi nauyi fiye da yadda kowa ya zata. Ya hau ya dawo, ya sake hawa, Ma'u tana bin taya da guntun icce tana tokarewa. Barakatu ta yar da sanda ta dafa ƙarfen da hannu biyu, yana ƙona mata tafi. Da ƙyar suka kai shi bisa, suka rirriƙe shi ya gangara a hankali, ya tsaya a gefen wata gona da aka gama tsinke ta. Mazan suka sha ruwa, suka yi wa Malam addu'a daga waje, suka kama hanyar gidajensu.

Ta hau ɗakin. Ciki da zafi da zarni. Ta juya shi, ta canza masa zane, ta goge masa baki. Idonsa mai lafiyar yana kanta.

"Mun hau?" ya ce.

"Mun hau, Malam."

Ya lumshe ido. Can ya tambaya yaushe za a ci gaba. Ta ce sai an gyara mota. Ta ji maganar a kunnenta kamar ba ita ta faɗa ba. Rabin bakin Malam ya motsa, ba ta san ko dariya ce ba.

"Bayan tsinkar auduga," in ji shi.

Ta sauko. Ma'u ta durƙusa tana tona ɗan rami da wuƙa don ɗora tukunya, ƙasar ta yi tauri tana ta fama. Barakatu ta tsaya tana kallon ta. Ta dubi gabas, fili fetal har inda ido ya ƙare, ta dubi motar a ƙetaren ruwa.

Ta ce wa Ma'u ta bari. Ta jawo buhun daga ƙarƙashin gadon Malam, ta kwance bakinsa, ta fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta share wuri da tafin hannu, ta kafa su, ta girgiza kowanne ta ga ya zauna daram. Sannan ta ce a miƙo mata ashana.