Jinin Aro

Ranar da mijinta ya shigo gida bakinsa har kunne, ɗauke da 'yarsu a wuya, mai guga ta jingine dutsen gugarta ta zuba masa ido. Zaman aure ya koya mata cewa in mai gyaran famfo ya yi irin wannan fara'ar, to ya aikata wani abu ne bai shawarci kowa ba.

"Maman Injiniya, an wuce wurin," in ji shi. "Sikila ta tafi. Na kai ta ɗakin gwaji da ƙafata, na'ura ta ce AS ce. Irin tawa, irin taki."

Injiniya ita ce 'yar tasu, mai shekara tara. Sunan ya bi ta ne tun tana rarrafe, don ba ta da abin wasa sai sifanar ubanta. Da SS aka haife ta, kuma ba a daɗe da sallamo ta daga asibiti ba, inda ciwon ya danne mata ƙirji har sai da aka ƙara mata jini leda biyu.

"Likita ta ce ba a warkewa haka kawai," in ji uwar a hankali.

"Likita ta san littafi, ni na san bututu. In bututu ya toshe, ka sako masa ruwa mai ƙarfi, ai dattin gaba yake yi. Sabon jini ya kore tsohon, shi ke nan."

Mutumin nan ba mugu ba ne, taurin kai kawai gare shi, irin na wanda bai saba aiki ya gagare shi ba. Ya tattara ƙwayoyin da yarinyar ke sha kullum ya kulle a akwatin kayan aikinsa, ya ce an daina cusa wa mai lafiya magani, an kuma daina zaryar asibiti. Ya durƙusa gaban 'yarsa ya ce mata, "Kin warke, Injiniya. Ki yi gudu, ki yi tsalle."

Uwar kuwa ba ta hana shi ba, kuma ba tsoronsa ne ya sa ba. So take abin ya zama gaskiya. Ta gaji da kujerar robar asibiti, ta gaji da jin kukan da ba ta da maganinsa. Ga yarinya ta yi kumatu, tana haye matakalar bene ba haki. Wa zai ga haka ya tsaya musu?

An kwashe makonni a haka. Wata safiya tana ɗaura wa Injiniya jakar makaranta a bakin taga, hasken rana ya faɗa kan fuskar yarinyar, sai ta ga farin idonta ya soma komawa rawaya. Ta san wannan launin kamar yunwar cikinta. Ta raka ta makaranta, ta bar tulin rigunan mutane a kan tebur ba guga, ta kama hanyar asibiti ita kaɗai.

Likitar, wata dattijuwa mai gilashi a kan hanci, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta cire gilashin ta murza idanu.

"Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka zuba mata ta karanta," in ji ta. "A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai abin da ke ɗaukar iska ya kai wa jiki, himogulobin muke ce masa. Gininsa kamar sarƙa yake. A na 'yarki, zobe ɗaya tak ne ya bambanta. To wannan zoben, da zarar an sauke iskar, sai ya sa sarƙoƙin su manne wa juna su miƙe kamar tsinke, ƙwayar ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ciwon ke nan."

"To A ɗin da aka gani fa, Likita?"

"Na wanda ya ba da jinin ne. Wata biyu zuwa uku zai ƙare. Ɓargon da ke cikin ƙashinta shi ke ƙera jini, kuma S kaɗai ya iya ƙerawa, bai huta ba ko na yini ɗaya. Ki kawo min ita yau, ba gobe ba."

Mai guga ta fito da kunya da haushi, kuma rabin haushin na kanta ne. Ta kira mijin a waya ta tambayi inda yake aiki, ba ta gaya masa dalili ba. A hawa na uku na wani sabon gini ta same shi, kwance rigingine a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Baban Injiniya, fito mu yi magana."

Ya zamo waje yana goge hannu da tsumma. Da ya ji daga inda take, sai ya sha mur.

"Wato a bayan idona kika je."

"Na je, kuma zan koma da ita yau." Ta zauna a kan wani bokitin fenti da aka kife. "In tambaye ka, tunda ka san bututu. Gidan da rijiyarsu ke ba da ruwa mai laka, in aka kira mota ta cika musu tanki da ruwa mai kyau, ka buɗe famfo a ranar, me za ka gani?"

"Ruwa garau."

"Rijiyar ta gyaru?"

Ya juya sifanar da ke hannunsa, ya sake juya ta.

"Daga famfo ka ɗebi ruwa ka kai gwaji," in ji ta. "Jinin wani bawan Allah ne a jikinta, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Idonta ya fara rawaya. Ni ma na yarda da maganarka don ta yi min daɗi, ban ɗora maka kai kaɗai ba. Amma daga yau na daina."

"Na'ura fa ta ce..." Muryarsa ta sauka tun kafin ya kai ƙarshe.

"Ba ni makullin akwatin."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga daga mahaɗar da bai gama ɗaurewa ba. Sannan ya jawo akwatin da kansa, ya ɗaga ƙarafan sama, ya zaro ledar maganin daga ƙasa ya miƙa mata. Ta karɓa, amma ba ta tashi ba.

"Saura ɗaya. Kai ka ce mata ta warke, kai za ka ce mata ba haka ba ne."

"Maman Injiniya, ki rufa min asiri. Ke kin fi ni iya magana."

"Na sani. Amma in ni na faɗa, za ta ɗauka kai ne mai ba ta lafiya, ni ce mai ƙwacewa. Kullum zan riƙa kokawa da ita kan ƙwaya ɗaya. Tashi mu je."

Suka isa makarantar ana tashi. Yara na ta tururuwa daga ƙofa, Injiniya ce kusan ta ƙarshe, tana tafe a hankali. Da ta hango ubanta sai ta gyara tafiya, ta saki murmushi, har da ɗan tsalle.

Ya ja ta gefen katanga ya durƙusa. Mutumin da ke iya daka wa leburori tsawa daga hawa na uku, yau sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Injiniya, na yi kuskure. Maganar da na gaya miki, gaggawa na yi. Ba ki warke ba, 'yata. Za mu koma shan magani, kuma yanzu za mu je wurin Likita."

Uwar ta shirya wa kuka, har ta matso da hannu. Yarinyar kuwa sai ta sauke ajiyar zuciya, ta bar jakar ta zame daga kafaɗarta.

"To Baba, yanzu zan iya faɗa?"

"Faɗa me?"

"Ƙafata. Tun shekaranjiya take min ciwo sosai. Na ga kana ta murna, shi ya sa ban gaya wa kowa ba."

Ya juya mata baya ya sunkuya, ta hau. Uwar ta ɗauki jakar, ta wuce gabansu zuwa bakin titi, ta ɗaga hannu ta tsayar da mota.