Solar Gidan Dattijo Ezekiyel

Idan ɗan'uwanka a cikin Ubangiji ya cuce ka da takardar da kai ka sa wa hannu, wa ya kamata ya sunkuyar da kai? Shi da ya kawo ta, ko kai da ka amince? An daɗe ana wannan gardama a Kafanchan, ba a gama ba.

Shekara uku da suka wuce, Martins, shugaban mawaƙan ikilisiya, ya tsaya a harabar coci bayan sujada yana tallar solar wani kamfani. Biya kaɗan-kaɗan, har shekara goma. Dattijo Ezekiyel, tsohon malamin firamare, shi ya fara sa hannu, domin matarsa Edna tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta jure zafi, sai a firiji.

Yanzu batirin ya mutu. Farantan solar suna nan a kan rufi suna shan rana, firiji kuwa ya zama kabad. Edna ta koma binne kwalbar allurarta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Martins ya zo da hantsi, bai ko sauka daga mashin ba.

"Baba, garantin batiri shekara biyu ne. Sabo za ku saya. Biyan wata kuma ba ya tsayawa."

"Mu riƙa biyan kuɗin duhu?" in ji Edna daga bakin ƙofa.

"Mama, ba ni na rubuta ba. In kun daina, kamfani zai kwashe kayansa, abin da kuka biya ya tafi ke nan."

"A bakin coci ka ce har jikokinmu za su gaji wutar nan. Da bakin da kake rera yabo!"

"Na ce in Allah ya yarda."

"To, Allah ne ya ƙi?"

Martins ya tada mashin ya tafi. Edna ta juyo kan mijinta.

"Malam, na tambayi lauyar nan ta zumuntar mata. Ta ce akwai hukumar kare haƙƙin masu sayayya, akwai kuma kotu nan kusa da mu. Alkawarin da ya yi a gaban jama'a ma shaida ce. Amma wanda ya sa hannu shi zai kai ƙara, kuma dole sunan Martins ya shiga."

"Ba zan kai ɗan'uwa kotu ba."

Ƙa'idar ikilisiyarsu ce, kuma Ezekiyel na cikin masu tsare ta: duk wanda ya kai ɗan'uwa gaban alƙali kafin dattawa su yanke magana, sai ya koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji.

"Dattawa za su zauna," in ji shi.

"Ai sun zauna! Sun yi addu'a, sun sha lemo, Martins ya biya kuɗin lemon. Kai bencin baya kake tsoro. Ni kuwa inda za a kwantar da ni, ko benci babu."

"Edna, ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara talatin. Me ya tsinana min?"

Zafin Maris ya ƙaru. Ranar Lahadi Edna ba ta iya zuwa sujada ba. Ezekiyel ya zauna a kujerarsa ta gaba, yana kallon Martins yana kaɗa hannu, mawaƙa suna binsa. Muryar yaron tana da daɗi, wannan ma ya ƙara ba shi haushi.

Da ya dawo gida ya tarar da ita zaune kusa da randa, leɓɓanta sun bushe. Ta ɗaga kwalbar tana dubawa. Ruwan ciki ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Ta girgiza ta, ta zuƙa a sirinji.

"Wannan ta lalace," in ji shi.

"Na sani."

Ta soka a cinyarta, idonta a kansa.

Ranar Litinin ya sa rigar da yake zuwa taron dattawa da ita, ya fita titi ya tsayar da keke napep. Direban ɗan cocinsu ne.

"Baba dattijo, ina kwana? Ina muka nufa?"

"Kotu."

"Shaida za ka bayar?"

Ezekiyel ya tattara rigarsa ya shiga.

"Ƙara zan kai. Ja mu je."