Mushe Ilyasu Ya Kai Kansa Kaso

Mushe Ilyasu yana Jiratawa wajen jinyar mahaifiyarsa, Inna Fasuma, aka yanke masa hukunci a Maraɗi, ba ya nan. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tsibiri, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamai a Nijar, kuma shi ne sakataren ƙungiyar malamai. A zanga-zangar da suka yi kan rufe makarantu, wasu suka cinna wa motar gwamnati wuta. Lokacin shi yana gaba da lasifika, yana roƙon jama'a su watse. Amma sunansa ke kan takardar neman izini, don haka aka ba shi wata takwas a kaso, wato kurkuku.

Wansa, Alhaji Habib, mai sayar da atamfa a Sabon Gari, shi ya kawo labarin da hantsi. Ko motarsa bai kashe ba.

"Ɗauko rigarka ka shiga. Kafin la'asar muna Katsina, ina da masauki can."

"To Yaya, in na tafi, yaushe zan dawo?"

"Ranar da gwamnatin ta faɗi. Wace ce ta daɗe a shekarun nan?"

Ilyasu ya zauna bakin rijiya. Tsoron kaso yake ji ƙwarai, ya taɓa kai wa wani abokinsa abinci ya ga yadda ake kwana.

"Shekara huɗu ina faɗa wa yara cewa tun Taron Ƙasa da ya kawo dimokuraɗiyya doka ce a sama da kowa," ya ce. "Hukuncin nan zalunci ne, na sani. Zan ɗaukaka ƙara, amma ina cikin ƙasata zan ɗaukaka ta."

"Dokar da ta ɗaure ka ba ta ji ta bakinka ba? Me ta yi maka da za ka bi ta?"



Daga cikin ɗaki Inna ta kira Ilyasu. Ashe duk ta ji.

"Kai ka ƙona motar?"

"A'a, Inna."

"Ni ban san doka ba. So samu ka bi wanka. Amma na san halinka, in ka gudu ko tuwo ba zai wuce maka ba. Je ka, Allah ya tsare."

Alhaji Habib da kansa ya kai shi wajen jandarma, ransa a ɓace. Duk da haka kullum sai ya aiko da abinci, shi ne kuma ya nemo lauya daga Yamai.

A wata na uku Inna ta rasu. Ba a bar Ilyasu ya je jana'iza ba. Kwana biyu yana fuskantar bango, fursunoni suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa gaisuwa. A wata na biyar kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi.

Daga ƙofar kaso suka wuce maƙabartar Jiratawa. Bayan sun yi addu'a, Ilyasu ya ce, "Yaya, har yanzu kana ganin na yi kuskure?"

Alhaji Habib ya miƙe tsaye.

"Ina gani. Amma da kana Katsina ma ba za ka samu jana'izar ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Taso, matarka tana can Tsibiri tun safe take jira."