Ragar Tafkin Norman

"Ba haka ba, Cyril! Kai kurma ne? Gefen nan ɗaga shi za ka yi, ba dannewa ba!"

Ina durƙushe a bakin ɗan tafkin da ke bayan gidan Norman Tasker, gwiwoyina sun jiƙe sharkaf. Shi kuwa yana kan keken guragu a ƙofar kicin, an naɗe shi da barguna biyu, yana nuna mini aiki da sanda. Shekara arba'in da ɗaya shinge ɗaya ya raba gidajenmu, ban taɓa sa hannu a tafkin nan ba. Shi ya haƙa abinsa, shi ke rufe shi da raga duk kaka don kada ganye ya zuba ya ruɓe ya kashe masa kifi. Bana ciwon huhu ya kayar da shi. Asibiti suka dawo da shi gida, suka ce sun yi iyakar yinsu.

"Na ji," na ce. "Raga ce dai, ba jirgin sama muke haɗawa ba."

"Bulo biyu. Ka ɗora gefen a kai, ka bar wuri kamar faɗin tafin hannu. Nan ce ƙofarsu."

"Ƙofar su wa?"

"Kwaɗi. Da Gimbiya."

Gimbiya wata bushiya ce da ke kutsowa ta ƙarƙashin shinge, ta ci abincin kyanwa da yake ajiye mata a faranti, ta gangara tafkin ta sha ruwa. Shekara uku ke nan, in ji shi. Na sha gaya masa bushiya duk kamanninsu ɗaya, wataƙila ma guda goma yake ciyarwa. Yakan ce ai ni ma duk mutanen kirki kamanninsu ɗaya ne a wurina, tunda ban taɓa yin hulɗa da su ba.

Na sa bulon kamar yadda ya ce. Ya duba, ya sake dubawa, sannan tari ya sarƙe shi. 'Yarsa Lorna, wadda ta baro aikinta ta zo jinya, ta fito ta tura shi ciki.

Ni ban yi makaranta mai nisa ba. Shekara talatin da takwas na yi ina ɗaure tamfol a kan manyan motoci, kuma a aikin nan doka ɗaya ce: ba a barin kusurwa a sake. Iska in ta sami wurin da za ta sa yatsa, ta tafi da duka. Da la'asar rediyo ya ce iska mai ƙarfi na tafe. Na leƙa ta kan shinge, na ga gefen ragar nan yana kaɗawa a kan bulo. Raina ya ƙi kwanciya. Norman ya sha magani yana barci. Na zagaya, na zare bulon, na ja ragar ta miƙe, na kafe ta da turaka shida har ƙasa. Na ce gobe in iska ta wuce sai in mayar. Har daɗin aikin na ji.

Da safe raga na nan daram, ko ganye ɗaya bai shiga ruwa ba. A daidai inda bulon yake jiya na sami Gimbiya. Ta zo wurin da ta saba bi, ta cusa kai ƙarƙashin raga, ƙayoyinta suka maƙale. Ga alama ta daɗe tana juyi, don zaren ya naɗe mata wuya da ƙafar gaba, rabin jikinta cikin ruwan sanyi. Da na taɓa ta, ko dunƙulewa ba ta yi ba.

Na ƙwanƙwasa ƙofar kicin a hankali. "Lorna, ba ni almakashi. Kada ki yi magana da ƙarfi."

Ta biyo ni da silifas, ta tsaya a kaina ina yanka zaren ɗaya bayan ɗaya.

"Ina bulon, Kawu Cyril?"

"Na cire."

Ta mayar da idonta kan bushiyar. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai bushiyar gidana cikin kwali, na sa mata tawul da kwalbar ruwan ɗumi. Lorna ta buga wa masu kula da namun daji waya, suka ce a kawo ta, amma gari uku ne tsakaninmu da su, bishiya kuma ta faɗi ta tare hanya. Na zauna kusa da kwalin. Na ɗiga mata ruwa da cokali, ya zubo ta gefen baki. Kafin rana ta raba ta daina numfashi. Na binne ta a gindin shingen, ta ɓangarena. Na koma na mayar da bulon.

"Ba za ka gaya masa ba," in ji Lorna. Ba tambaya ta yi ba.

"Ban taɓa yi wa ubanki ƙarya ba."

"To ka fara yau. Kwana nawa ya rage masa?"

An sauko masa da gado falo. Da na shiga da yamma, kafin in zauna ya jefo tambayar.

"Ta ci?"

"Ban duba ba."

"Me amfaninka, tsoho? Je ka duba."

Na fita. Abincin na nan a faranti, ya bushe. Na juye shi a bayan tukunyar fure, na dawo na nuna masa farantin, bakina a rufe. Ya yi murmushi.

"Ka gani? Tana tara kitse ne. In ta kai nauyi za ta shiga dogon barcin da bushiya ke yi duk hunturu lafiya. Ni da ita za mu kwanta tare, amma ita za ta tashi."

"Daina wannan maganar banza."

"Ka bar mata ƙofa dai?"

"Bulon na nan."

"Ban yi zato ba. Na ɗauka hannunka ba zai jure ba."

Kwana huɗu ina juye faranti. Kullum sai ya tambaya, kullum sai in ɗaga masa shi fayau ya gani. Ni da na raini 'ya'yana a kan cewa wanda ya ɓata abu ya buɗe baki ya faɗa. Abinci ya daina shiga mini. Ran Laraba na ce wa Lorna gobe zan gaya masa, ta so ko ta ƙi, haƙƙinsa ne ya zage ni tun yana da bakin zagi. Ta ce in yi abin da na ga dama, ita ta gaji.

Ran Alhamis na aske gemu, na sa riga mai kyau, na shiga da hantsi. Na tarar da nas ɗin da ke zuwa duba shi tana naɗe kayanta. Ta ja ni gefe ta ce tun asuba ya daina magana.

Na jawo kujera. Idonsa a rufe, bakinsa a buɗe, numfashin na fita da ƙara kamar ana jan buhu a kan siminti. Na sunkuya daidai kunnensa.

"Norman. Ni ne. Gimbiya ta mutu tun ran Asabar. Ni na cire bulon. Ni nake zubar da abincin."

Na jira. Nas ta ce wai kunne ne ke mutuwa a ƙarshe. Na zuba wa fuskarsa ido, ko gira za ta motsa, ko yatsa. Na sake faɗa da ƙarfi, har Lorna ta fito daga kicin ta tsaya riƙe da tawul.

"Ka ce wani abu mana, tsohon banza," na ce.

Numfashin ya ci gaba yadda yake, yana fita, yana tsayawa, yana dawowa. Wajen ƙarfe biyu ya fita, muka jira, bai dawo ba.

Lorna ta rufe masa baki, ta gyara bargo. Sannan ta je ta buɗe taga, kamar yadda ake yi a ƙasarmu idan an yi mutuwa a ɗaki. Sanyi ya shigo. Muna zaune sai wani jan ganye ya biyo iskar, ya kewaya sau ɗaya, ya sauka a kan bargon daidai gwiwarsa. Babu wanda ya tashi ya ɗauke shi.