Waƙar da Ba Amshi

Ni Marka ban iya waƙa ni kaɗai ba, kowa ya ji da kyau. Muryar tana nan, ba ta je ko'ina ba, amma ni mai bayarwa ce: in jefa baiti, jama'a su cafe su maido mini da amshi, in sake jefa wani. Haka na buɗe ido na tarar ana yi a majami'armu can gida wajen Malumfashi, haka kuma na ci gaba da yi a Talatar Mafara, lokacin da mijina Yakubu ya samu aiki ya kawo ni, shekarun da ake gina dam ɗin Bakalori.

Kai, wanda bai ga barikin ma'aikata a wancan lokaci ba, ba zai yarda ba. Mutanen Zonkwa, mutanen Langtang, na Numan, na Biu, kowa da yarensa, kowa da irin miyarsa. Ran Lahadi sai mu haɗu a ɗakin da muka gina da hannunmu a ƙarshen layi. Da farko rumfar zana ce, daga baya muka yi gini muka sa kwano. Ba mu da fasto zaunanne, mai bishara kan zo daga Gusau in ya dace da mota. Amma waƙa, ba sai mun jira kowa ba. Da Hausa muke yi, don ita kaɗai ta haɗa mu, wata Hausar ma in ka ji sai ka riƙe ciki. Mata na dukan bakin tulu da tsumma a naɗe, yara na kaɗa caki, ni ina tsaye a gaba.

Akwai wata waƙa da na ƙago a can, ita aka fi so. In ce, "Na zo da kaya, ya yi mini nauyi," sai ɗaki ya ɗauka, "Sauke, sauke, Uba ya gani." Daɗinta, kowane mako nakan sa damuwar wani a ciki. In na ji 'yar Hamma direban tifa ba ta da lafiya, sai in ce, "Hamma ya zo da zazzaɓin 'yarsa." In katako ya faɗo wa Bawa kafinta a ƙafa, in saka shi. Sai ka ga ƙaton namiji ya sunkuyar da kai yana share ido, jama'a kuwa na ta ce masa ya sauke.

Mutum ɗaya ne a duk ɗakin ba ya buɗe baki, shi ne nawa mijin. Baban Nagode yakan zauna a benci na biyu, hularsa a kan gwiwa, leɓensa na motsi, amma ko sauro ya fi shi ƙara. Ya taɓa gaya mini dalili tun muna sabon aure. Wai yana yaro a makarantar mishan, malamin waƙa ya tsayar da yara tsakiyar baiti, ya nuna shi da sanda, ya ce, "Kai, daga yau motsa baki kawai, kada in sake jin ka." Shi ke nan ya riƙe. Ni kuwa ban damu ba, ina da ɗaki cike da muryoyi.

Sai aikin ya ƙare. Ba rana ɗaya aka watse ba, da ma haka aka yi da ya fi sauƙi. Yau ka ji an sallami masu kankare, wani makon direbobi. Kowace Lahadi benci ɗaya ya rage. Matan tulu suka tafi suka bar mini tulunan a jingine. Hamma ya zo sallama da rikodarsa a rataye, ya ba maigida kaset, ya ce ya ɗauki sujadarmu ta ƙarshe da ɗaki ke cike, mu ajiye don tunawa. Bawa ya ɗan jima, shi ma ɗansa ya zo ya tafi da shi. 'Yarmu Nagode tana makaranta a Gusau, sai hutu. Shi kuwa maigida an riƙe shi aikin buɗe ƙofofin ruwa a magudanan da suka nufi Bakura, kullum yana kan keke, ya ce nan abincinmu yake.

Lahadin da muka wayi gari mu biyu, na share ɗaki kamar kullum, na tsaya a gaba, na ce, "Na zo da kaya, ya yi mini nauyi." Shiru. Ƙadangare ne kawai ya yi gudu a kan kwano. Na dubi Baban Nagode, leɓensa na motsi. Wallahi raina ya ɓaci. Na zauna, ya karanta Littafi, ya yi addu'a, muka rufe ƙofa.

A hanya ya ce, "Maman Nagode, ai Allah ba kurma ba ne. Yana jin na zuci."

Na ce, "Wa ya ce maka kurma ne? Ni ba don in tashe shi daga barci nake waƙa ba. In na ɗaga kaya ina so ɗan'uwa ya kama mini gefe mu kai gabansa tare. Ni abin da na sani da sujada ke nan. In ta zuci ce kawai, me ya sa muka wahala muka gina ɗaki? Ai da kowa ya zauna a gindin murhunsa."

Ya ci gaba da tafiyarsa. Haka yake, sai ka gama zuba ya bar ka da bakinka.

Daga nan na daina waƙa. Ko a wurin wanke-wanke ba na yi. Ina jin kewar mutanen nan har cikin ƙashina. In na wuce ƙofar su Hamma na ga kara an tokare ta da shi, sai in kau da kai. Na fara tsoron ko ni da sujada mun rabu ke nan, don ina zuwa ɗakin, ina durƙusawa, amma ina fita kamar yadda na shiga.

Bayan ɗakin majami'ar akwai gidan Saude, zana ce kawai tsakaninmu. Musulma ce, ta girme ni. Ƙauyensu can wajen Maradun ruwan dam ya cinye shi, aka rarraba su, ita ta biyo ɗanta nan. Shekara da shekaru tana yi mini ƙorafi wai mun hana ta jin kiran awakinta ran Lahadi. Wata rana na je sayen daddawa na tarar tana daka ita kaɗai.

Bayan mun gaisa ta ce, "Ke Marka, mi ya samu cocinku? Kun yi shiru kamar anka yi rasuwa."

Na ce, "Yaya Saude, ba kin ce mun dame ki ba? To ga shi kin huta."

Ta ce, "Hutun banza. Da kiɗin tulunku nika daka, yanzu taɓarya ta yi mini nauyi." Ta tsaya ta goge gumi da gefen zane. "Can garinmu mu ukku muka lugude turmi guda, ni da ƙawata Taiba da wata ɗiyar ƙanena. In na ɗaga, waccan ta sauke, har tafi mukai tsakani. Yanzu turmin na nan, gero na nan, su ko ban san inda anka kai su ba. Wurin da munka tsaya muna yi, kifi ka yawo."

Na ɗauki daddawata, har na kai bakin zaure ta ce, "Wai shi mai gidan naki ba shi da baki?"

Na ce, "Yana da shi, na cin tuwo."

Ta yi dariya har da tari, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Ran Talata, ranar kasuwa, sai ga Baban Nagode ya dawo da kwali ɗaure a bayan keke. Rikoda ce, tsohuwa, murfinta an ɗaure da roba. Ya ajiye a gabana yana murmushi, ya ce, "Ga jama'arki na kawo miki."

Ba zan ɓoye ba, Lahadin farko na yi kuka. Ya ɗora rikodar a kan benci na gaba, ya saka kaset ɗin Hamma, ya danna, sai ga tulu, sai ga caki, sai ga Hamma da muryarsa mai kauri yana jan "Uba ya gani" fiye da kowa, kamar yadda ya saba. Har tarin Bawa yana ciki. Na miƙe na bi su, na ce to, Allah ya share mini hawaye.

Amma kafin wata ya ƙare abin ya fara ci mini rai. Na farko, akwai wata Marka a cikin kaset ɗin, ita ke bayarwa, ni sai dai in bi bayanta kamar 'yar koyo. Na biyu, kowace Lahadi 'yar Hamma na zazzaɓi. Yarinyar da ta warke tun kafin su tafi, da ƙafarta ta hau mota! Kowace Lahadi katako na faɗo wa Bawa. Ni kuwa ga nawa kayan a ka, ba inda zan saka shi. Na gwada. Na ɗaga murya na danne ta kaset, na ce, "Marka ta zo da kewar..." ban kai ƙarshe ba sun riga sun ce "Sauke, sauke." Ba su ji ni ba. Ta ina za su ji? Da, in numfashina ya ɗauke, ɗaki kan jira ni. In na ja baiti, su ja. Waɗannan kuwa ko faɗuwa na yi a gabansu sai sun kai ƙarshen waƙarsu.

Na ce wa maigida, "Wannan akwatin naka ba ya sauraro."

Ya ce, "To, in daina sakawa?"

Na ce, "Ka daina in koma me? Bar shi."

Muka ci gaba a haka, ina jin haushin abin, ina kuma tsoron ranar da zan rasa shi.

Ranar ta zo cikin damina. An yi ruwa da asuba, ɗakin na warin ƙasa, kwano na ɗiga a kusurwa. Ashe batir ya yi sanyi, ba mu lura ba. Muna tsakiyar waƙar kaya sai na ji tulu ya fara jan ƙafa. Muryoyin suka yi ƙasa, suka yi kauri, Hamma ya ja "Ubaaa" ya kasa ƙarasawa, kamar wanda ruwa ke janyewa. Sai ƙit.

Ni kuwa na riga na buɗe baki, baitin ya riga ya fito, kuma wannan karon ba wanda ya katse ni. Na ce, "Marka ta zo da kewar 'yan'uwa, ta rasa mai kama mata."

Na tsaya. Ruwa na ɗiga. Na ce a raina shi ke nan, yau zan rufe ɗakin nan in kai tulunan gida in zuba ruwa.

Sai na ji wani abu daga benci na biyu. Da farko na zaci gyaran murya yake yi.

"Sauke... sauke... Uba ya gani."

Jama'a, ban taɓa jin murya mai muni irin wannan ba. Ga ta a shaƙe, ga ta can ƙasa da inda waƙar take, ga shi ya makara. Malamin nan na mishan, Allah ya jiƙansa, kunnensa lafiya lau. Baban Nagode ya damƙe hularsa da hannu biyu, idonsa a ƙasa, gumi na bin wuyansa cikin sanyin nan.

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Sai na sake jefawa, in gani. "Saude ta zo da garinta a ruwa." Na jira. Ya daɗe, har na ce ya fasa, sai ya amsa. Na ga in na tsaya a inda na saba ba zai taɓa kamo ni ba, don haka na sauke muryata ƙasa, na rage sauri, na je na same shi a inda yake. Na sa Nagode da jarrabawarta. Na sa Hamma da Bawa, duk inda suke, da duk abin da ke damunsu yanzu wanda ban sani ba. Yana amsawa. Ko sau ɗaya bai yi kuskuren kalma ba. Can bayan zana na ji taɓaryar Saude ta fara sauka, ban sani ba ko da gangan ne, amma tana faɗuwa daidai inda tulu ya saba faɗuwa.

Daga ƙarshe na ce, "Yakubu ya zo da bakinsa a rufe tun yana yaro." Nan ya kasa. Kafaɗunsa suka hau rawa. Sai ni na amsa masa, karo na farko a rayuwata da na yi wa wani amshi.

Da muka fito, Saude ta leƙo ta saman zana ta ce, "Marka, wane jaki ya shiga cocinku yau?"

Na ce, "Nawa ne, Yaya Saude. Ki saba da shi, mako mai zuwa ma zai shigo."

Muna tafiya gida, yana rungume da matacciyar rikodarsa, na kasa haƙuri. Na ce, "Wai kai, duk ka san amshin nan, ka bar ni ina ta magana da akwati?"

Ya yi tafiya kaɗan yana kauce wa taɓo. Sannan ya ce, "Tun ranar da na fara jin ki a majami'arku nake amsa miki, Marka. Ba Lahadin da na fasa. Ke ce ba ki ji."