Jinjirayen Ɓera Daga Kalfu

A bakin kasuwar Tawa suka ƙulla maganar, ranar Lahadi. Sabo na zaune gaban tabarmarsa ta tarkuna da maganin ɓera, Ramla na tsaye da jaka a kafaɗa. Ita ma'aikaciyar bincike ce da aka turo daga Yamai, aka ba ta ɗaki biyu a bayan wani gidan awon jini. Abin da take nema ya ba shi dariya: 'ya'yan ɓera sababbin haihuwa, da ransu, tare da uwarsu, kuma a san ranar da aka haife su. Shekara talatin yana kashe ɓera, ba wanda ya taɓa roƙonsa ya yi musu reno.

Bai nemi kuɗi ba. Ɗiyarsa Rakiya ta zo goyon ciki gidansa a Kalfu, watanta ya kama, mijinta Sa'idu kuwa yana Abijan, wayarsa ba ta shiga tun damina. Sabo ya ce rago yake so na suna, wanda ba za a yi masa dariya a gari ba. Ramla ta ce in ya kawo uwa goma da 'ya'yansu, rago ya zama nasa, kuma za ta ba shi tun kafin ya cika. Suka shirya.

Na farko a gindin rumbun maƙwabcinsa ya same su, guda bakwai, jajaye, ido a rufe, ko gashi babu. Uwar ta yi tsalle za ta gudu, hannu kuma ya riga tunani, ya kai mata takalmi. Bai damu ba. Nono ai nono ne. Ya tatsi akuyarsa a ƙoƙo, ya riƙa ɗiga musu da auduga, kwana uku, kafin ya samu moto, babur ɗin haya, zuwa Tawa. Da Ramla ta buɗe kwalin, huɗu sun mutu, sauran ukun cikinsu ya kumbura ya yi sheƙi, gindinsu jiƙe.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kai shi ɗakin ciki, ta nuna masa wata uwa kwance cikin akwatin gilashi, 'ya'ya na maƙale da ita. Ta yi masa bayani yadda zai gane. A jinin kowane mai rai akwai masu gadi, kowanne da irin cutar da ya sani. Babba yana da su iri-iri ba adadi. Jinjiri kuwa kaɗan yake zuwa da su, kuma kusan irin na 'yan'uwansa ne. Sai kwanaki sun tafi jikinsa yake ƙera wasu, kowa nasa daban. Abin da take awo ke nan, ranar farko, ranar bakwai, ranar ashirin da ɗaya. Kafin nasa su yawaita, na uwa yake aro, wasu tun yana ciki, wasu ta nono.

Sabo ya ce to ashe ɓera ma da sojan haya yake fara mulki. Ta yi murmushi. Yana kan hanyar fita ya juyo.

"Mutum fa, madam?"

"Ni ɓera na sani, Baba. Amma dakashi, nonon farkon nan, kada a zubar. Wannan kowace ungozomar asibiti za ta gaya maka."

Ya koma Kalfu ya tarar Rakiya ta sauka tun hantsi, namiji. Yayarsa Zalika ce ta karɓi haihuwar, ita ce ta karɓi rabin mutanen unguwar, har da Rakiya kanta. An riga an gwada nonon mai jego yadda aka saba: an tatsa a ludayi, an jefa tururuwa, tururuwar ba ta fito ba. Zalika ta yanke cewa nonon yana da kaikai, zai cutar da yaro, sai an matse shi an zubar, an yi wa mai jego jiƙo kwana uku, har ya gyaru. Kafin nan yaro zai sha na akuya. Akuya ɗaya ce a gidan.

Sabo ya tsaya a ƙofar ɗakin jego yana kallon ƙoƙon. Shi ne dai ƙoƙon, an ɗauraye. Ya yi gyaran murya, ya ce ya ji wani zance a Tawa game da dakashi.

"Wurin wa?" in ji Zalika.

"Wata mai ilimi."

"Mai sayen kusun nan? Sabo, tun yaushe mai maganin kusu ya zama ungozoma? Ni na yanke cibiyar ɗiyarka. Jikanka kake haɗawa da kusu?"

Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Rakiya ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai ƙasa, yaron ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ko ta nuna ta damu da shi. Sabo mutum ne da ya ci kasuwa daga Tawa har Agadas, ya san lokacin da ciniki ya ƙi. Ya ce wa ransa zai sake tayar da maganar gobe, in mata sun ragu. Gobe mata suka ƙaru.

Kwana uku da aka ce suka zama biyar, don an sake gwaji tururuwa ta sake nutsewa. Shi kuma ya shiga neman ɓeraye, yana kama uwa da tsumma, a hankali, ba ya ko matsa ta. Ramla ta cika alkawari. Ragon ya iso a bayan mota, fari, mai ƙaho biyu a murɗe, mutane suka fito kallo. Aka raɗa wa yaro Ɗanlami, aka ci nama. Da aka miƙo wa Sabo shi ya yi masa addu'a, ya ɗaga zanen kaɗan. Cikin ya kumbura, yana sheƙi. Ya mayar da zanen, ya shafa addu'a tare da jama'a.

Zawo ya fara washegari. Zalika ta ce zafin suna ne, bakin mutane ne. Rana ta tara Sabo bai tambayi kowa ba, ya tsayar da mai moto, ya sa Rakiya ta hau da yaron, ya bi su a wata. A asibitin Tawa aka tambaye su me yaron yake sha tun haihuwa. Rakiya ta dubi ubanta. Shi ya ba da amsa. Aka nemi jijiya a hannu don ƙarin ruwa, aka nema a kai. Kafin la'asar rai ya yi halinsa, aka naɗe shi aka ba su.

Ba wanda zai rantse cewa nonon akuya ne. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Sabo ma haka yake faɗa in an zo gaisuwa. Amma ya cika goman nan, ko uwa ɗaya bai sake rabawa da 'ya'yanta ba.

Ramla ta samu awonta ta koma Yamai. Sabo ya samu sunan wanda ya yi wa jika babban rago. Zalika na nan tana karɓar haihuwa. Rakiya ce ta yi hasara, ita da nononta ya kawo sosai a rana ta goma, ba mai sha.