Girbin Samruai a Cikin Ruwa

Kowa a ƙauyen Bang Ban ya san tsarin gwamnati. A yi shuka da wuri, a girbe kafin tsakiyar Satumba, sannan a buɗe ƙofofin kogi a juye rarar ruwan damina cikin gonaki, ya kwanta nan har kogin ya sauka. Da haka ake kare garuruwan da ke ƙasa, har zuwa Bankok, babban birnin ƙasar.

Samruai ce kaɗai ta makara bana. Mijinta Thawin ya kwanta ciwo daidai lokacin shuka, ta yi jinyarsa har ya rasu, sai bayan an ƙona gawar bisa al'adarsu ta watsa iri. Irin ma ba mai saurin nuna ba ne. Wata shinkafa ce mai ƙamshi da Thawin ya gada wurin mahaifinsa, babu mai ita a ƙauyen sai su, kuma duk abin da ke tulu ta zuba a ƙasa. Idan gonar ta nutse, irin ya ƙare.

Da lasifikar ƙauye ta sanar cewa gobe za a saki ruwa, ta fara kiran mai injin girbi. Ya ce ƙasa ta yi laushi, injinsa zai kafe. Sai ta hau babur ta sami Chaliao, ma'aikacin da ke kula da ƙofar ruwa.

"Kwana kaɗan nake roƙo, shinkafata ta ƙarasa nuna," ta ce.

"Goggo, ruwan da ke tahowa daga arewa ba ya jin roƙo. In na jinkirta, kasuwar gari da asibiti ne za su sha."

"Ni na yi maka wanka kana tsumma, ɗan banza."

"Na sani, Goggo. Har yau bayana na tuna sosonki."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma bai janye ba. Da gari ya waye ya buɗe ƙofar.

Ruwan ya shigo a hankali, ja, ɗauke da ciyayi. Kafin rana ta ɗaga ya kai mata gwiwa. Tana tsaye da lauje ita kaɗai, tana zaɓar zangarniyar da ta yi rawaya, sai ta ji ƙarar injin jirgi. Jiragen kwale-kwale ne jere, cike da maƙwabta. Rabon da a yi gayyar girbi a ƙauyen tun zuwan injuna, shi ya sa laujunan duk sun yi tsatsa, wani ma da wuƙar kicin ya zo.

Bunruean, ƙawarta tun ƙuruciya, ita ta fara dirowa.

"Ke dai a komai sai kin zo ƙarshe," ta ce. "Ranar aurenki ma sai da abinci ya huce."

"Wa ya kira ku?"

"Ɗan banzan naki. Jiya ya bi gida gida, har da waɗanda ba ki gaisawa da su."

Suka jeru suna yanke kan shinkafar kawai, suna jefawa cikin jirage. Waɗanda suka tashi a zamanin inji ba su iya riƙon lauje ba, tsofaffi suka yi ta yi musu tsiya. Da ruwa ya kai ƙugu, Chaliao ya iso da rigar aiki a jikinsa, ya shiga layi.

"A hankali, ranka ya daɗe," Bunruean ta ce masa. "Ruwan nan naka ne, kada ya cinye mai shi."

Da ruwan ya kai ƙirji aka tsaya. Fiye da rabin gonar ya tafi. Abin da aka tsira da shi aka kai zauren haikali, wanda ke kan dogayen ginshiƙai. Masu ibada suka naɗe tabarminsu, aka baza shinkafar a daɓen katako.

A al'ada mai gona ke ciyar da 'yan gayya. Samruai ta hau da murhunta barandar zauren, ta dafa taliyar shinkafa da miyar kifi. Kwanon farko ta miƙa wa Chaliao.

"Ci. Har yanzu ban huce ba."

"To ƙara min miya kafin ki huce."

Da shinkafar ta bushe, ta ɗauki ƙwaya ta gatsa. Ƙwayar ta fashe da ƙara, cikinta fari tas. Za ta yi iri. Ta sheƙe, ta ware mai kyau, ta zuba kaɗan a tulunta. Sauran ta ƙulla a ƙananan buhuna, ta shiga jirgi ta bi gidajen da suka zo mata, tana miƙawa ta taga, domin ƙasan gidajen duk ruwa ne.

Bunruean ta juya nata ƙullin a hannu. "Wannan mai jan rai? Sai ta sa ni ma na makara."

"Ki shuka a kan tudun bayan gidanki," Samruai ta ce. "Kada ta sake zama a gona ɗaya."

Ta tura jirgin da gora zuwa gida na gaba.